Baƙin Hayaƙin Motar Hambali

Sammani ɗan maƙera ne, a Garun Malam aka haife shi, amma bai zauna gaban zuga-zugi ba. Tun yana saurayi ya tafi Fagge koyon gyaran mota, ya shekara tara, bai dawo ba sai da aka saki ruwan Tiga cikin kanal, noman rani ya kankama, a-kori-kura suka cika hanya suna jidar tumatir. Ya kafa gareji a Kura. Gajere ne mai kaurin hannu, ba shi da yawan magana, kuma Allah ya ba shi kunne. Mota tana shigowa, kafin direba ya kashe ta ya faɗi ciwonta. Da wuya ya kuskure, shi ya sa ma bai saba da kuskure ba. Aibinsa ke nan.

Matarsa Sa'a 'yar Bunkure ce. Yayanta Hambali direba ne a aikin ruwa, shekara ashirin da biyu yana tuƙa motar wasu, bai taɓa mallakar ko keke mai kyau ba. A shekarar 1984, wani Baturen injiniya da Hambali ya daɗe yana tuƙawa ya gama aikinsa zai koma gida, sai ya bar masa motar da ya zo da ita daga ƙasarsu, wata shuɗiya mai dogon baya. Ranar da Hambali ya shigo da ita Bunkure, har tsofaffin da ba sa fita sai Juma'a sai da suka leƙo.

Wata huɗu aka yi ana jin daɗinta. Daga nan ta fara baƙin hayaƙi, tana shan mai kamar ana zubarwa a ƙasa, in ta tsaya sai ta riƙa kakkarwa. Hambali ya kawo ta Kura.

Sammani ya buɗe bonet ya nemi kafireta, abin da ke haɗa wa inji mai da iska, ya ga babu. Wasu siraran bututai ne kawai da wayoyi. Bai taɓa ganin irin wannan injin ba, amma direbobi suna zaune a benci suna kallo, sai ya kwance fulogi, ya nuna su baƙi ƙirin da kunkunniya.

"Fulogi ne, Yaya. Zuwa la'asar ka zo ka ɗauka."

Ya sa sababbi. Kwana shida suka yi baƙi. Ya canza matatar iska, ya wanke tanki, hayaƙi yana nan. Hambali ya ce masa a hankali, "Sammani, ko mu kai ta Kano a gani? Ba raini ba ne, ido biyu ya fi ɗaya."

"Su na Kanon tare muka koya. Ringin cikin inji ne ya mutu. Bar ni da ita."

Ya sauke inji gaba ɗaya. Ringi lafiyarsa ƙalau, yana gani ya san haka, amma ya riga ya yage gaskit, shimfiɗar da ke rufe mahaɗar inji, wanda babu irinsa a Sabon Gari. Wata uku mota tana kan duwatsu kafin ya samu wanda aka yanka masa da hannu. Ya haɗa, ya tayar, hayaƙin ya fito kamar jiya aka bar shi.

Hambali bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Ya tsaya ya dubi hayaƙin, ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri," ya tari motar haya ya koma Bunkure. Daga ranar bai ƙara tambayar motar ba, Sammani kuma kunya ta hana shi zuwa gidansa. Sa'a ce take kai-komo tsakaninsu. In ta dawo sai ta ce, "Yaya yana gaishe ka," shi kuwa ya san ba a aiko ta ba.

Damina ta wuce a kan motar, ciyawa ta fito ƙarƙashinta. Direbobi suka fara wuce garejinsa suna kai aiki Kwanar Ɗangora. Duk da haka, kusan kullum da hantsi sai ya shiga ƙarƙashinta ya kwanta yana bin wayoyi da yatsa. A haka wata rana ya bi wata waya guda har ta kai shi wuyan salansa, kusa da inji, ya tarar da wani ɗan ƙarfe mai kama da fulogi a ɗaure. Tsatsa ta kama shi. Ya jiƙa da kananzir kwana biyu, ya ɗumama injin, sannan ƙarfen ya yarda ya juya. Bakinsa duk wani farin ɓawo ne kamar toka.

Ya ɗaure shi a hankici ya shiga yawo da shi. A Sabon Gari aka juya shi aka mayar masa. A Zariya aka ce ya gwada Kaduna. Can a Kakuri ya samu wani dattijon Banufe, Ibrahimu, wanda ya taɓa gyaran motocin Turawa a Legas. Ibrahimu ya maƙale ƙarfen a matsi, ya haɗa masa mita, ya gasa bakinsa da wutar walda har ya yi ja. Allurar mita ko motsi ba ta yi ba.

"Ya mutu," in ji shi. "Wannan shi ke auna hayaƙin da ke fita, ya gaya wa akwatin da ke cikin mota ya ƙara mai ko ya rage. In ya yi shiru, akwati ya yi ta zuba mai. Darmar da ke cikin fetur ɗinmu ce ke kashe shi. Ba ka taɓa injin ba dai ko?"

Sammani ya sunkuyar da kai.

"Kayya. Aikin sifana ɗaya ne."

Sabo babu shi a ƙasar. Ibrahimu ya yi alkawarin cigiya wajen masu yanka motocin haɗari, ya kuma gargaɗe shi cewa ko an samu, da wannan man ba zai yi nisan kwana ba. Sammani ya dawo da niyyar ya je Bunkure ya faɗi gaskiya, sai ya ce a ransa gara ya je da mota a hannu. Jiran ya ci wata takwas. A cikinsu ne hawan jini ya kayar da Hambali a bakin gonarsa ta shinkafa, ɓarin damansa ya shanye. Sammani ya je dubiya cikin jama'a, ya zauna can baya, ya yi sannu ya fito.

Saƙon Ibrahimu ya iso bayan ƙaramar Sallah ta 1986, ya samo ƙarfen ya aiko. Sammani ya shafa wa zaren ƙarfen ɗan mai, ya fara ɗaurawa da hannu, ya ƙarasa da sifana, ya jona wayar. Bai fi a sha kofin shayi ba. Ya tayar, ya zagaya baya ya tsuguna. Da injin ya ɗauki zafi, hayaƙin ya yi ta dushewa har ya ɓace, kakkarwar ta tsaya. Ya daɗe a tsugune, hannunsa a bakin salansa.

Ya wanke ta ya kai Bunkure. Aka tallafo Hambali aka sa shi a gaba, a kujerar gefen direba da bai taɓa zama ba. Suka bi bakin kanal a hankali, shinkafa ta yi kore shar hagu da dama. Sammani ya fara bayani, ya ce laifinsa ne tun daga farko, ya ce da ya ji shawara da ba a kai haka ba. Hambali ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da shi. Maganarsa ta zama da nauyi, sai an kasa kunne.

"Ni ba motar ce ta dame ni ba. Daina zuwan da ka yi ne."

Sammani ya gangara gefe ya tsaya, don hawaye sun hana shi ganin hanya sosai.

Daga ranar, duk Juma'a yakan je ya ɗauke shi ya kai shi masallaci. Juma'a goma sha ɗaya suka samu. Hambali ya rasu ana gab da yankan shinkafa, kuma a cikin motar aka ɗauko 'yan'uwansa mata daga Kadawa zuwa zaman makoki. Bayan wata biyar hayaƙin ya dawo kamar yadda Ibrahimu ya faɗa, magada suka sayar da ita ga masu yanka motoci.

Sammani bai daɗe yana gyaran mota ba bayan haka. Ya koma gyaran injin ban-ruwa, yana bin gonaki a kan babur da jakar sifanu a baya, manoma suna yaba aikinsa. Ya ci gaba da zuwa Juma'a Bunkure, ko da yake ga masallaci nan a Kura kusa da ƙofarsa. Ya rasu a 1989 bayan jinyar kwana tara, ya bar Sa'a da 'ya'ya biyar.