Kunyar Cikin Fari Ta Kusa Raba Ni Da Aikina

A shekarun da ba a daɗe da ba mu jiha ba, ina amarya, ina aikin guga a wani ƙaramin kamfanin ɗinkin kayan 'yan makaranta a Sabon Garin Gusau. Maigidana direba ne a hanyar Tsafe, motarsa kuwa ta fi kwana a gareji, don haka aikin nan nawa shi ke ɗora mana tukunya. Sai ga cikin fari. Ni da aka rena a Bungudu, da wane baki zan tsaya gaban manaja, namiji sa'an babana, in ce ina da ciki? Ga shi abokan aiki suna ta raɗa cewa duk wadda cikinta ya fito sallama ce. Sai na riƙa tamke shi da zane, ina yini a tsaye kan gugar gawayi, ina ɗaukar ƙunshin kaya. Dabarata ita ce in lokaci ya yi in sulale gida wankan jego ba sallama, aiki kuma shi ke nan.

Wata rana da azahar jiri ya kwashe ni, dutsen guga ya faɗi dab da ƙafata. Hajiyar da ke kula da mu ta kwance zanen, ta yi salati, ta tambaye ni ko so nake in kashe abin da ke cikina. Tsoron da na ji a hanyar asibiti ban taɓa jin irinsa ba. Da malamar jinya ta ce yana motsi, kuka na fashe da shi.

Washegari Hajiya ta ja ni har ofis, kaina a ƙasa. Manaja ya yi min faɗa kamar 'yarsa, ya ce doka ta ba ni hutun haihuwa, kuma ba a korar mace don tana wannan hutun. Waɗanda ake cewa an kora, ashe irin sulalewar da na yi niyya suka yi. Aka mayar da ni sa maɓalli a zaune. Na haihu lafiya a ɗakin Inna, na dawo na tarar da gurbina.

'Yan'uwana mata, ku tambayi haƙƙinku tun ranar da aka ɗauke ku, kada ku dogara da raɗa. Masu kamfani kuma ku faɗa wa ma'aikata tun ba su tambaya ba. Yarinyar da na haifa yanzu ta zama uwa, har yau ban taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce. Wannan kunyar na riƙe ta. Waccan ta ɓoye ciki kuwa saura kaɗan ta hana ni ganin fuskarta.