Muryar Kwaɗo a Bayan Katangarmu

Wata Alhamis ce cikin watan Agusta, shekarar da nake aji huɗu a firamare. An ɗauke ruwan sama da la'asar, ina tsugune a bakin rijiya ina wanke tukunyar tuwo, sai na ji ƙarar mashin ɗin Baba ta taso daga wajen gonaki. Ba ƙarar da za a yi wa musu ba ce, don tana da wani tari da take yi duk bayan ɗan lokaci, kamar tsoho ya shaƙi hayaƙin barkono. Inna ta miƙe daga tabarmarta, ta cika buta, ta shimfiɗa buzu a ƙarƙashin rumfa. "Ke, kai wa Malam ruwa," in ji ta, don ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana. Tukunyar ta kuɓuce daga hannuna. A ranar, kwana arba'in da uku ke nan da binne Baba.

Mashin ɗin mai ƙafa uku ne, ɗaya gaba biyu baya, tayoyinsa ƙatti masu kumbura. Baba ya samo shi a gwanjon kayan wasu Turawan aikin gona da suka tashi daga Funtua, ya kawo shi ƙauyenmu da ke kan hanyar Maska, kafin sati ya zagayo an raɗa masa suna Kwaɗo. Da shi yake kai taki gona, da shi yake jawo buhunan masara da auduga. Mu yara kuwa in mun dawo daga makaranta muka gama tsince wake da share turken awaki, sai mu bi sawunsa a laka, kowa ya kama layi ɗaya cikin ukun, wanda ya kauce ya faɗi wasa. Ni har fankama nake a makaranta, ina cewa uban kowa ƙafa biyu gare shi, nawa uku. Wata safiya a gangaren rafi Kwaɗo ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya kife, ya danne Baba. Kafin a kai shi bakin titi rai ya yi halinsa.

Mutanen gari suka ce a jefa Kwaɗo kududdufi. Baffa Idi, ƙanin Baba, bakanike ne a Funtua, kuma kansa ya fi ƙarfen da yake bugawa tauri. "Ƙarfe ba ya riƙon mutum a zuciya," ya ce musu, "ƙafa ukun nan ce ba ta san gangare ba." Ya loda shi a amalanke ya kai garejinsa. Shi da Emeka mai walda, wanda aka haifa a Funtua har Hausarsa ta fi tamu daɗi, suka yanke ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya biyu, suka haɗa masa ƙugun wani tsohon babur mai taya ɗaya. Da zaren saƙa Baffa ya daidaita tayar gaba da ta baya, ya sake kujera, ya shafe jan fentin da baƙi. Ya zama babur mai shiga tsakanin kunya da kunya a gona, ba wanda zai gan shi ya ce Kwaɗo ne. Abu ɗaya bai taɓa ba: salansar da Baba ya toshe hujinta da gwangwanin madara. Daga nan tarin yake fitowa.

Baffa ya tuna da idon mutane, ya manta da kunnen mai takaba. Inna ba ta fita ko zaure, don haka ba ta taɓa ganin baƙin babur ɗin ba. Kullum la'asar Baffa yakan bi ta bayan katangarmu ya je duba gonar da Baba ya bar mana, ita kuma abin da take ji kawai shi ne mijinta ya dawo a lokacin da ya saba dawowa. Tun rasuwar ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba, mata suna ta yaba haƙurinta. Ashe jira take. Ta fara ɗebe masa tuwo a kwanonsa, tana rufewa da faifai. Ta fara ba shi labarin gida, tana yin shiru daidai inda zai amsa, wani lokaci har ta yi 'yar dariya. Goggo Asabe, yayar Baba, ta kawo rubutu da turaren hayaƙi, ta ce in aka kai kaka a haka, sai dai a kai ta wajen masu ɗaure mahaukata. Wannan maganar ta hana ni cin abinci kwana biyu. Na ce wa Inna Baffa ne fa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ni za ki koya wa ƙarar mashin ɗin mijina?"

Na yanke shawarar in faɗa wa Baffa, ko da zai ce na cika baki. Na same shi a zauren gidanmu yana ɓare goro, babur ɗin jingine da bango, ya huce har kaza ta hau kujerarsa. Ban buɗe baki ba muka ji ta. Ƙarar ta taso daga wajen rafi, da tarinta, ta biyo bayan katanga, ta zo ƙofar zaure ta tsaya. Kazar ta dira a guje kamar yadda kajinmu suke yi wa Baba. Rana tana nan fayau, hanya ba kowa. Goron ya faɗi daga hannun Baffa, ya yi ta salati, ni kuwa fitsari ne ya kusa kuɓuce min. Daga cikin gida muka ji Inna tana cewa, "Sannu da zuwa, Malam." Ban san abin da muka ji ba, kuma yau da furfura a kaina ban ƙara sani ba. Na dai kwashe komai na faɗa masa. A ranar, da ƙafa ya tura babur ɗin har bakin titi.

Washegari ya cire salansar, ya sa wata. La'asar ta yi, shiru. Inna ta zauna da butarta har aka kira magariba. Haka ta yi kwana uku. A na huɗu ta buɗe kwanon tuwon, ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Ashe da gaske ne." Sai kuka, irin wanda ya sa maƙwabta suka shigo ba sallama. Daga ranar ta dawo mana, ta gama takabarta lafiya, ta raine mu mu huɗu. Sau ɗaya kawai, tana yi min kitso, ta ce, "Ko wa ya hana shi zuwa?" Na sunkuyar da kai na ce ta ja min gashi da zafi.

Yanzu ina koyarwa a Malumfashi, babura sun cika gari har ba matar da ke iya bambanta na mijinta da na maƙwabci. Inna ta bi Baba lahira shekaru da dama da suka wuce, ban taɓa ba ta amsar tambayarta ba. Na san daidai na yi, don da na yi shiru da mun rasa su duka biyu. Amma akwai la'asar ɗin da nake zama a tsakar gida in ji kewar wannan tarin har ƙirjina ya yi nauyi. Sau biyu Baba ya bar gidanmu, na biyun ni na sallame shi.