Kawo Hannun Nan

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, da kaka, a shekarar da na shiga aji uku. Ina tsugune a ƙofar gidanmu da ke unguwar Birni, nan Damagaram, ni da ƙawata Zara muna 'yar carafke, ina cinye ta kamar kullum, sai na ji muryar Baba daga cikin motarsa: "Ke, kawo hannun nan." Na watsar da duwatsun na ruga a guje. Ba zan ɓoye ba, da murna na tafi, har ina waiwayen Zara don ta ga ni aka kira.

Motar tsohuwar fara ce mai dogon jiki, ƙofar gefenta sai an ɗaure da igiya. Da ita Baba ke jigila zuwa Gidimuni, ya tafi da 'yan kasuwa da sabulu da gishiri, ya dawo da rake da albasa da ƙamshin busasshen kifi. Injinta ƙalau yake, amma wayoyin wutarta sun ga duniya. Rana ta gasa robarsu, ɓeraye sun ci rabonsu, kowane mai gyara kuma ya yi ƙari da kalar da ya samu. Sai a taka birki oda ta yi kuka, a kunna fitila injin ya mutu. Baba ya rantse ba zai ƙara kai ta garaji ba, shi zai gyara abarsa. Matsalar ɗaya ce: bayan sitiyari, inda wayoyin suka cukurkuɗe, akwai wani lungu da ƙaton hannunsa ba ya shiga. Nawa kuwa siriri ne.

Ni ce 'yar fari a gidan, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ɗora ni a cinya ba. Ana cewa kunya ce. Ƙanena Sani yana hawa wuyansa, ni ko ruwa na kai masa sai ya karɓa yana kallon bango. A cikin motar nan kaɗai yake yi mini magana, shi ya sa na fi son ta da ɗakin Inna. Na san fiyus, ɗan abin nan da ke ƙonewa don kada waya ta ƙone, wanda Baba ke kira fizibil. Na kuma san dabararsa ta gano waya mai laifi. Sai ya cire fiyus ya sa guntun jan ƙarfe a gurbinsa, in cusa hannu in kama wayoyin, shi kuma ya ɗan taɓa kan batir da igiyarsa ya ɗauke. Wadda ta yi ɗumi ita ce ta goge jikin ƙarfe, sai in bi ta da yatsa har inda robarta ta saɓule. Idan na gano, yakan ce "Yawwa." Wannan yawwa ɗin ina kwana da ita.

A ranar nan fitilun gaba ne suka ƙi, ga shi sai bayan magariba zai dawo. Fasinja sun taru a inuwar katanga suna ƙunƙuni, wata mai buhunan gishiri har ta fara neman wata motar. Ya taɓa batir ya ɗauke, ban ji komai ba. Ya sake, na ce ban tabbata ba. Sai ya yi tsaki, ya danna igiyar a kan batir ya bar ta, ya zagayo ya riƙe mini gwiwar hannu. Wayar ta yi ɗumi, ta yi zafi, sannan robarta ta narke a cikin tafina. Na ƙwalla ihu ina fizga, ya ƙara matse ni. "Kada ki saki! Bi ta ki gaya mini wurin!" Na bi ta. Wallahi na bi ta, ina kuka ina jin ƙaurin fatata, har yatsana ya kai inda ta manne da ƙarfe. Na ce ga shi nan. Sai a lokacin ya sake ni ya je ya cire batir.

Bai dubi hannun ba. Ya jawo wayar ta ƙasa, ya yanke ƙonannen wurin, ya murɗa sabuwa, ya naɗe da tsagin robar taya. Fitilu suka kama, fasinja suka yi ta sa masa albarka, mai gishirin ta ce ai Malam Habu ya fi 'yan garaji. Ina tsaye a gefe da hannu a sama, motar ta tashi ta bar ni.

Inna ta fasa ɗanyen ƙwai ta shafa, ta ɗaure da tsumma, tana hawaye. Da ta roƙi a kai ni likita, Baba ya ce wutar batir ba ta kisa. Sai da ciwon ya fara wari aka kai ni, kuma da ya warke yatsu biyu sun lanƙwashe sun manne da tafi. A lakwal, makarantarmu ta boko, na koma riƙe alli da hagu, mushe, wato malaminmu, yana buga mini rula a kai, wai rubutu da hagu rashin tarbiyya ne. A gida in na sa hagu a akushi a hantare ni, in na sa dama tuwon ya zube. Zara ta samu wata abokiyar carafke. A dandali kuma babu mai son tafa gaɗa da ni, sun ce hannuna yana ba su ƙyanƙyami.

Duk wannan na jure. Abin da ban jure ba ya zo bayan 'yan makonni, da odar motar ta sake haukacewa. Ina wanke-wanke na ji Baba ya buɗe ƙofarta, na tsame hannu na goge a zane ina jira. Sai na ji ya ce, "Sani, kawo hannun nan." Na ji kishin yaron nan kamar in mutu. Ban ji tsoron abin da zai same shi ba, kishi kawai na ji, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci da wanda ya mai da ni haka.

Yanzu motar ta daɗe da zama akurkin kaji a bayan gida, Baba ma ya riga mu gidan gaskiya. Masu gyaran wuta na yau suna da 'yar na'ura mai tsinke biyu, a dangwala ta nuna inda laifin yake, babu fatar kowa a ciki. Kwanaki na kai motata wurin wani, wata ƙusa ta faɗa masa lungu, ya dubi ƙaramar 'yata ya ce, "Hajiya, ara mini ita mana, hannunta siriri ne." Yarinyar har ta yi gaba tana murmushi, irin murmushin da na sani. Na damƙo ta da hannun nan nawa mai yatsu uku, na mai da ita bayana. A hanyar gida ta yi ta fushi da ni, wai na hana ta a ce mata yawwa.