Ɗakin Inna Mai Taya

Shekarun baya, lokacin ina aikin walda a Yelwa, na sayi wata tsohuwar bas da hanya ta gama cinyewa, na cire kujerunta kaf. Na haɗa gadon ƙarfe a ciki, na kafa risho a kusurwa, na ɗaure randa da igiya, har labule na sa. Unguwa ta yi ta dariya. Yayyena masu digiri suka ce abin da ke samun wanda ya gudu daga makaranta a aji uku ke nan. Na ci gaba da aikina.

Inna, mahaifiyarmu, a tsibiri aka haife ta, cikin Gungawa. Tana yarinya aka tare kogi a Kainji, ruwa ya shanye garinsu, aka kwashe su. Tun da aure ya kawo ta Yelwa ba ta sake komawa wajen ba. Kullum maganarta, "Ko saman ruwan ne in gani kafin in mutu." Ga ƙafafu sun kumbura, ba ta iya zaman motar haya, kuma ba ta kwana gidan mutane. Masu digirin, kowace sallah sai su ce baɗi. Shi ya sa na yi mata ɗaki mai taya.

Ranar da muka tashi, wallahi ji nake kamar jirgin sama na ƙera. Inna na kwance tana leƙe ta taga, ni kuwa ko akuya na gani sai na danna mata hon.

Da la'asar muka isa kusa da Wara. Akwai wani fili bakin hanya inda direbobin manyan motoci ke kwana, masu jiran lodin kifi da albasa. Mai gadin wurin, wani dattijo, ya nuna mini bayan wata tirela. Ni kuma na hango wani wuri gaba kaɗan, shararre fes, yana kallon ruwa. Na ce can zan tsaya.

"Malam, gobe kasuwa ta," in ji shi.

"To sai mi? Ni ba kasuwa ta kawo ni ba."

Ya dube ni, ya tofar da goro. "Allah shi kai mu."

Yammacin nan ban taɓa jin daɗi irinsa ba. Na dafa shinkafa cikin motata, direbobi suka yi ta zuwa kallo. Wani ya ce, "Kai, har da labule? Amarya ka ɗauko?" Inna daga ciki ta ce, "Amaryar kakanka ce, shigo ka gaishe ta." Suka kawo mata kifi banda, suka zauna ƙofar mota ana hira.

Bayan sallar asuba na koma na kwanta a kujerar direba. Hayaniya ta tashe ni. Jirage sun cika bakin ruwa, kasuwa ta ci, mu muna tsakiyarta. An jingina buhunan albasa da tayata, wata tsohuwa ta ɗaura igiyar rumfarta a madubina. Ko taku ɗaya motar ba za ta yi ba sai dare. Ni kuwa na yi wa Inna alkawarin da safen nan zan zaga ƙauyuka in nemo wanda ya san inda tsibirinsu yake, don ƙafafunta ba za su jure kwana na biyu ba.

Na fito da masifa. "Baba, motata ta yi miki kama da rumfa?"

"Kai ka shigo rumfata, ɗan nan. Nan nika zama tun ba ka da haƙori."

Ta juya wajen maƙwabciyarta tana zagina da Gunganci. Sai na ji an buɗe ƙofa a bayana, Inna ta amsa mata da yaren. Ban taɓa jin jimla guda cikakkiya ta yaren nan a bakinta ba sai ranar. Tsohuwar ta saki kifin da ke hannunta. Suka yi ta magana, suna riƙe da hannun juna, ni ina tsaye kamar turken rumfa. Ashe tsibirinsu na kallon na su Inna ne.

Tsohuwar ta bar wa maƙwabciyar kifinta, ta kira ƙaninta mai jirgin inji. Direbobin jiya suka ɗauki Inna da katifarta suka sa cikin jirgi. Mun yi tafiya mai nisa, tsohuwar na duban wani dutse a ƙetare, har ta ce a kashe inji, nan tsibirin su Inna yake. Ruwa ne kawai, ko'ina ruwa. Inna ta ɗebo da hannu ta wanke fuska, ta kurɓa, ta yi dariya.

"Har yanzu ya fi na Yelwa daɗi," in ji ta.

Da kasuwa ta watse, mai gadi ya biyo ta tagata. "Na ce maka kasuwa ta." Na ce lallai ya faɗa.

Damina biyu bayan nan Inna ta rasu. Yanzu yayyena ke ba da labarin a wurin taro, suna cewa "mun kai ta". Ina jin su. Har gobe ba na jin shawara, kuma taurin kan nan ya ja mini asara da yawa, sau ɗayan nan ne kawai ya yi mini rana. Motar tana bayan gidana, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Masu sayen gwangwan sun zo taya ta sau uku, na ƙi. Labulen ma ban cire ba.