Zumuncin da Kawu Ya Ƙulla Ya Kuma Warware

Tsufa ya fara kwashe mini sunayen ɗalibaina, amma ba na jin zai taɓa kwashe ranar da na raka maigidana roƙon alfarma a unguwar Fezzan.

Maigidana likitan zuciya ne. A shekarar ya zauna jarrabawar ƙwarewa kan ɗaukar hoton zuciya da sinadarin nukiliya, ya faɗi. Ni malamar makaranta ce, na sha sa yara su maimaita aji, amma ban taɓa ganin wanda abin ya ci wa rai kamarsa ba. Ƙa'idar sake zama kuwa ita ce sai ya ƙara duba hotunan marasa lafiya ƙarƙashin likitan da ya riga ya ci. In bai samu ba har aka rufe rajista, sai ya faro horon daga tushe. A iya saninmu mutum ɗaya ne ya ci a garin nan, wani matashi ɗan kudancin Borno, wanda maigidana ya horar, ya kuma sha yi masa tsawa kan latti.

Girman kai ya hana maigidana zuwa shi kaɗai, sai kawunsa ya ce a bar masa aikin. Kawu tsohon akawu ne, a wurinsa ba a neman alfarma sai an fara lalubo dangantaka.

Muka tarar da matashin a falo, mahaifiyarsa na kicin. Bayan gaisuwar da ta kai har kan zafin gari, Kawu ya gyara babbar riga.

"Ɗana, ka san mu ɗaya ne? Kakarka ta wajen uwa ba a Bolori ta zauna ba?"

"A can ta zauna, Baba."

"Madalla. To ƙanwarta ta auri wani manomin shinkafa a Zabarmari. Manomin nan ɗan'uwan mahaifiyata ne."

Maigidana ya fara tari. Na miƙa masa ruwa, ya sha, ya ci gaba da tari. Shi ya san abin da ke cikin ƙa'idar, amma a gidansu ba a katse babba ko da rigarsa ce ke cin wuta. Kawu ya yi ta saƙa, ya bi ta Zabarmari ya dawo Bolori, har sai da ya mai da maigidana da matashin wa da ƙane.

Matashin ya sunkuyar da kai cikin ladabi. "Baba, na ji daɗi ƙwarai. Sai dai ƙa'ida ta hana mai sa ido ya zama ɗan'uwa, na jini ko na aure. In Oga yayana ne, ba zan iya ba."

Kawu ya ɗan kalli fanka.

"Manomin nan, me na ce shi ne?"

"Ɗan'uwan mahaifiyarka, Baba."

"Maƙwabci nake nufi. Kuma auren bai ga damina ba ya mutu. Kai, yanzu ma da na dube ka da kyau, ko hancinka ba namu ba ne."

Sai ga mahaifiyar yaron ta leƙo tana share hawayen dariya da bakin zane. "Baba, kwantar da hankalinka. Mamata ba ta da ƙanwa, ita ce auta."

"Alhamdulillahi," in ji Kawu, kamar an yi masa albishir da haihuwa.

Matashin ya juyo wajen maigidana. "Oga, Litinin da safe. Kuma ba na son latti."

Maigidana bai yi latti ba ko sau ɗaya, ya kuma ci jarrabawar. A walimar da muka yi, Kawu da kansa ya gabatar da matashin: "Ga babban baƙonmu, wanda ba mu haɗa komai da shi ba."

Tun daga ranar na koyi cewa kafin a ɗauki dattijo zuwa roƙo, a fara karanta masa ƙa'ida tun a gida. Na kuma gane akwai alherin da sai bare ne kaɗai zai iya yi maka.