Daga Masaka Zuwa Sansanin Jiragen Yaƙi

Masaka, shida saura kwata

Ana idar da sallar asuba muka fito, ni da matata Rabi, tana rungume da robar dambun nama. Saje Danladi, mai sayen shinkafa a shagona, shi ya samo mana takardar shiga sansaninsu na sojojin sama ranar ziyarar iyalai. Ya san labarina: bara na yi kwana goma sha ɗaya a hannun 'yan bindiga a daji, sai ranar da jiragen yaƙi biyu suka keto ta kanmu, masu gadinmu suka tarwatse, muka tsere. Tun lokacin nake son in ga matuƙin da ya jagoranci jiragen da idona.

Mun samu bas a bakin kasuwa. Direban ya ce, "Oga, yau Asabar ce, ba gosulo." A Mararraba muka yi minti arba'in a tsaye.

Kugbo, bakwai da minti goma

A shingen sojoji wani ya leƙo, ya nuna robar. "Madam, me ke ciki?"

"Dambu ne, na 'yan'uwanku na sama," in ji Rabi.

"Mu na ƙasa fa?" Ya yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

Durumi, ƙarfe takwas

Nan muka sauka, muka karya da koko da ƙosai masu zafi a gindin bishiya. Daga nan muka ɗauki tasi ta hanyar filin jirgi, kimanin kilomita talatin da biyar, titi sumul.

Sansani, tara da rabi

A ƙofa aka karɓi wayoyinmu. Saje Danladi ya tarbe mu, amma fuskarsa ba walwala. "Alhaji, ka yi haƙuri. Matuƙin nan an canza masa wurin aiki, jiya na ji."

Muka bi shi dai cikin wata babbar rumfa, muka ga jiragen yaƙin, tsinin hancinsu kamar mashi, wurin zaman matuƙi bai fi kujerar aski ba. Can gefe akwai wani jirgin mai ƙaton ciki, ba bindiga ko ɗaya, sai eriya-eriya a jikinsa. Wata hafsa mace ce tsaye tana yi wa baƙi bayani. Saje ya raɗa mata wani abu, ta zo ta gaishe mu.

"Baba, wannan jirgin kunne ne," in ji ta. "Mukan saurari wayoyinsu daga sama, mu gano inda suke. Ranar farmaki kuma mu toshe musu layi, kada su kira gudummawa. Wane daji aka tsare ka?"

Na faɗa mata, har da watan. Ta dube ni ta ce:

"Kai ne aka miƙa wa waya, ka ce wa matarka kada ta sayar da gidan, yara ba su da wurin zuwa?"

Ban da Rabi, ban taɓa gaya wa kowa wannan maganar ba. Rabi ta dafe ƙirji ta ce, "Ni ya gaya wa!"

"Ni nake kan na'urar ranar, Hajiya. Da wannan kiran muka tabbatar da wurin."

Duk jawabin da na shirya tun daga gida ya ɓace. Abin da ya fito kawai shi ne, "'Yata, Allah ya yi miki albarka." Rabi kuwa ta rungume ta da kakinta, suna ta hawaye. Hafsar ta karɓi dambun, ta ce kashi ɗaya nata, ɗayan za ta aika wa matuƙin.

Sha ɗaya daidai jirage biyu suka tashi. Ƙarar ta ratsa ni har ƙashi, kamar ranar dajin. Na riƙe hannun Saje, amma ban sunkuyar da kai ba har suka ɓace a gajimare.

Komawa gida

Mun yi azahar a masallacin sansanin, muka ci tuwon shinkafa miyar kuka a gidan Saje. Biyu da rabi muka kama hanya, biyar saura muna ƙofar gida. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Saje Danladi da iyalinsa. Ita kuma baiwar Allahn nan, sai a mota na tuna ban tambayi sunanta ba. Allah ya san shi, kuma da haka nake sa ta a addu'a.