Mushe Mai Duniyoyi Tara

A tashar Buza ga wani tsohon mushen lakwal, wato malamin makaranta, kwat ɗinsa ta girmi kowace mota a wurin. Ya jera goruba takwas da aduwa ɗaya kan benci, yana koya wa fasinjoji duniyoyi tara masu zagaya rana, ba wanda ya tambaye shi.

Wata mai jiran motar Keita ta ce, "Baba, takwas ne yanzu. Masana sun ce Pluto wada ce, ta kasa share duwatsun hanyarta."

"Shekara talatin ina bugun yara kan tara!"

"To, bi su gida-gida ka ba su haƙuri."

Ya ɗauke aduwar sannu a hankali. Direban motar Keita ya fi kowa ƙyaƙyata dariya. Da alama bayansa ya san taran nan.